Ta'aziyya kafin tsokana

Ɗana, wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Ka ce 'yan ajinku da kuka gama sakandare tare a 1998 sun jefa ka cikin zaurensu na WhatsApp, har an sa ranar haɗuwa a nan Kumasi, kai kuma kana can unguwar Nima ta Accra kana jujjuya abin a ranka: yaya za ka gaisa da mutumin da rabonka da shi tun ba ku fara aske gemu ba, ko ya halatta ka kira shi da sunan tsokanar makaranta, ga kuma ɗaya daga cikinku, Kirista, da mahaifiyarsa ta rasu ana ta tara kuɗi. Ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ka hau mota.

Taron tsofaffin ɗalibai dai ba gadonmu ba ne, boko ce ta zo da shi. Maƙwabtanmu Asante sun riga mu nisa a ciki. Dubi 'yan makarantar Prempeh, wadda aka buɗe a 1949, da 'yan Opoku Ware ta 1952, yadda kowane rukunin shekara ke komawa ya gina wa makarantarsa wani abu. Mu a zango iyayenmu allo suka sani, suna tsoron boko kada yaro ya tafi da kufi ya dawo da giciye. Ko sakandaren Ahmadiyya da aka buɗe a nan a 1950, ba kowane malamin zango ne ya yarda ɗansa ya taka ta ba. Amma muna da tsohuwar al'ada ta karɓar wanda ya daɗe a tafiya. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro, akwai kuma masu tafiya Makka da ƙafa, su yi shekaru kafin a sake ganinsu. Yadda ake tarbar irin waɗannan shi za ka ɗauka ka tafi da shi wurin taronku.

Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ba a tare shi da hira. Sallama ce farko, sai "ashe rai kan ga rai", sai gaisuwar gida, sannan a zo kan tsofaffi. A nan ake tsayawa. Mutumin da ka rabu da shi tun 1998, da wuya a ce bai binne uba ko uwa ko ɗa ba a tsakani, kai kuma ba ka je ba, ba ka aika ba. Wannan bashi ne a wuyanka ko da ba ka ji labarin ba. Saboda haka ka tambaya a hankali, "ina su Baba, ina su Inna?" In ya ce Baba ya rasu shekara goma ke nan, kada ka ce "ayya" ka wuce kamar tsohon labari. Ka gyara zama, ka ɗaga hannu ku yi Fatiha, ka ce masa yaya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, daidai yadda za ka yi da jiya aka yi rasuwar. Ta'aziyya ba ta tsufa a wurinmu. Shi ma zai tambayi naka, ka faɗa masa na mahaifinka ba tare da rufa-rufa ba, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Bayan an sauke wannan ne ake shiga barka: aure, haihuwa, aikin hajji. Dariya da tuna bulalar malamai su ne na ƙarshe, kuma za ka ga sun fi daɗi in sun zo a muhallinsu.

Mu namu ajin ba shekaru ne suka watsa shi ba, doka ce. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Yaran da aka haifa a Aboabo da Alabar, waɗanda ba su san ko'ina ba sai Kumasi, aka loda su a manyan motoci zuwa Kano da Sakkwato da Yamai. Sai kuma 1983, Najeriya a zamanin Shagari ta yi nata korar, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Wasu sun dawo da rediyo da keken ɗinki, wasu daga su sai rigar jikinsu. Tun daga lokacin na tsani tambayar nan ta "to yanzu me kake yi?" a haɗuwar farko. Ku ma naku sun watsu, wasu Libiya, wasu Saudiyya, wasu Italiya, wasu suna Bronx ta Amurka, kuma ba kowa ne tafiya ta karɓa ba. Wanda ya samu, da bakinsa zai faɗa, ba sai ka tambaya ba. Wanda ya yi shiru, ka bar masa shirunsa.

Sunan tsokana kuwa, mai sunan ne ke da ikon fito da shi. In abokinka ya zama Alhaji ko limami ko babban ma'aikaci, ka kira shi da abin da jama'a ke kiransa. In yana son a koma da, da kansa zai buge ka a kafaɗa ya ce "kai, ni ne fa Dogo". To daga nan ƙofa ta buɗe, amma tsakaninku kawai. A gaban matarsa, ko 'ya'yansa, ko almajiransa, ko direbansa, Alhaji ne. In kuma ɗan Asante ne da aka ɗora a kujerar sarauta, Nana za ka ce ko da tare kuka saci mangwaro, don su abin ya wuce ladabi, taɓa kujerar ne. Akwai sunayen da ba a tono su sam: wanda aka laƙa wa yaro don nakasa, ko don talaucin gidansu, ko don kullum shi ke zuwa na ƙarshe a jarrabawa. Ku kun manta zafinsa, shi bai manta ba.

Ni wanda ya fi damuna a irin wannan taro shi ne wanda ba zai zo ba. Yana cikin zauren, yana karanta komai, yana ganin hotunan motoci da gidaje, ba ya cewa uffan. Wataƙila yana gyaran mota a Suame Magazine, ko yana tura kaya a Kejetia. Shi ya kamata ka fara nema, kai kaɗai, da ɗan goro ko tsarabar yara a hannu, ba tawaga da kyamara ba. Zumunci a ƙafa yake, waya sanarwa ce kawai. Kuma ka gaya wa shugabanninku su daina liƙa jerin sunayen waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya ba. Wannan ba adashi ba ne da za a bi mutum da littafi. Mai hali ya rufa wa marar hali asiri ya tura masa ta momo, wato kuɗin waya, kada kowa ya ji.

Zancen rasuwar mahaifiyar abokinku, ka je. An rawaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Kai ma ka ga Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana da shekara ɗari, don gaisuwa da zaman lafiya. Asante sun fi yin makokinsu ranar Asabar. Ka sa kaftani mai duhu, sai in sun ce fari da baƙi ne don tsohuwa ce ƙwarai. In ka isa ka fara miƙa hannu daga dama ka bi layi zuwa hagu, kada ka tsallake kowa. Ka kai gudummawarka teburin masu rubutu, za su ba ka rasit, su kuma shelanta sunanka a lasifika. Mu hakan kunya yake ba mu, su kuwa girmamawa ce, ka ƙyale su. Ruwa ko lemo ya ishe ka, wurin zuba giya a ƙasa ba naka ba ne, lokacin salla ya yi ka nemi gefe. Ku kuma ku riƙa yi musu adalci: mu muna binnewa a ranar, kafin su ji an gama, sai su ga kamar an ware su. Ku sanar da su ranar addu'ar uku ko bakwai ko arba'in su zo. Na san wasu malamanku na yanzu ba sa son ta arba'in, wannan rigimar ku ce da su.

Matan ajinku kuma yanzu matan mutane ne. Hajiya, ina maigida, ina yara, shi ke nan. Saƙon tsakar dare da "kin tuna lokacin da" babu alheri a ciki. In taron na zuwa da iyali ne ka taho da mai ɗakinka, in ba haka ba ta san inda za ka da waɗanda za ka gani.

Kada ka nemi alfarmar aiki ko biza ko rance a ranar farko, kada kuma ka yi alkawarinsu don a ce ka isa. Ku bincika cikin malamanku wa ke raye ku je gidansa, sannan ku lissafa 'yan ajin da suka riga ku, ku raba gidajen iyayensu a tsakaninku a kai gaisuwa.

In za ka taso ka biyo motar safe daga tashar Circle, ka sauka nan gida tukuna, gwaggonka na da saƙon da za ka kai wa mutanen Asawase. Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara.