Lambar yabon kakana daga Yaƙin Bama: ta yaya zan gano inda ya yi yaƙi?

Tambaya: A akwatin marigayi kakanmu mun sami lamba mai siffar tauraro, an rubuta "The Burma Star" a jikinta, da wata mai kama da kwabo ɗauke da hoton sarkin Ingila. Abin da muka sani kawai shi ne ya yi soja zamanin Bature. Shin waɗannan za su iya kai mu ga tarihin aikinsa?

Amsa: Allah ya jiƙan kakanku. Kafin komai, kada ka goge lambobin da yashi ko toka don su yi ƙyalli, kada kuma ka yar da ƙyallen da ke rataye da su ko da ya koɗe, don launinsa shaida ne. Ƙyallen tauraron Bama ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro.

An bayar da tauraron ne ga waɗanda suka yi aiki a fagen yaƙin Bama (Myanmar ta yau) tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, har da wasu sassan Bengal da Assam a Indiya. Ta biyun, idan ka juya ka ga zaki a kan wani dodo, lambar yaƙin 1939 zuwa 1945 ce, wadda duk wanda ya yi kwana 28 a bakin aiki ya samu, saboda haka ba ta faɗa mana wani abu sosai.

Inda gizo ke saƙar shi ne suna. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya an buga musu lambar soja da muƙami da suna da runduna, amma galibin na yaƙi na biyu Ingila ta raba su ne haka nan, babu rubutu. Duk da haka ka duba bayan tauraron da bakin zoben ɗayar da gilashin ƙara girma. Idan ba komai, lambar ta gaya maka wuri da zamani, ba ta gaya maka mutum ba.

Wurin ma ba ƙaramin abu ba ne. Sojojin Afirka ta Yamma sun je Bama ne cikin manyan runduna biyu. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, alamarta baƙin gizo-gizo. Ta 82 ta biyo baya zuwa yankin Arakan, alamarta mashi biyu a gicciye a kan gammo, kuma rundunonin biyu suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma birged ta 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Najeriya, da aka cire aka haɗa da dakarun Janar Wingate masu shiga bayan sahun Japanawa. Daga waɗannan fagage ne wasu barikokin soja suka sami sunayensu, irin su Myohaung da Arakan a Legas. Don haka idan akwai tsohon hoto ko guntun baje a akwatin, duba kafaɗar rigar.

Abin da zai buɗe maka ƙofa shi ne lambar sojansa, wato lambar rajistarsa, ba ta yabo ba. A ganina, takardar sallama ta fi lambobin nan biyu daraja wajen bincike, domin tana ɗauke da lambar, wadda ga sojan Najeriya kan fara da NA, da ranar ɗauka da ranar sallama da runduna. Bincika ƙasan akwatin, ka tambayi dattawan gida, ka nemi takardun fansho ko katin ƙungiyar tsofaffin soja idan ya taɓa shiga. Suna kaɗai yakan ɓatar da mutum. Da yawa an rubuta su da sunan gari a madadin sunan uba, wasu sun shiga da sunan aro don kada iyaye su sani, ga kuma akawun Bature da ke rubuta Muhammadu yadda kunnensa ya ji.

Da ka san bataliya, sai littafin da kowace runduna ke rubuta abin da ya faru kullum. Na fagen Bama suna gidan adana tarihi na Ingila da ke Kew a Landan, a jerin WO 172. Da wuya ka ga sunan farabiti ko kofur a ciki, hafsoshi aka fi ambata, amma za ka bi sawun bataliyar rana bayan rana: inda suka sauka, kogin da suka ƙetare, ranar da aka kai musu hari. Idan kuma ya sami lambar jarumta, irin Military Medal, wannan tana da suna a bakinta, an buga ta a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Ingila, bayanin abin da ya yi kuma yana cikin jerin WO 373, wanda ake iya nema ta intanet da suna ko lamba.

Idan yana da ɗan'uwa ko aboki da suka tafi tare bai dawo ba, nemi sunansa a shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojojin yaƙin duniya. Waɗanda ba a san kabarinsu ba an rubuta su a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, shafin kuma yana ba da bataliya da ranar mutuwa, abin da zai iya nuna maka inda kakanka yake a wannan rana.