Hukuncin manhajar da ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutane

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a unguwar Wadata, nan Yamai, ina haɗa manhajar adashe don ƴan kasuwa. Manhajar tana neman izinin shiga lambobin waya don uwar adashe ta samu sauƙin shigar da masu zubi. Abokin aikina ya ce tunda mai waya ya danna ya yarda, mu kwashe lambobin gaba ɗaya mu ajiye a wurinmu, mu riƙa tura musu talla. Ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Haɗa manhaja halal ne, duba lamba don aikin da mai waya ya nema da kansa shi ma halal ne. Shawarar abokinka kuwa ba ta halatta ba.

Waya ta mai ita ce, amma lambobin da ke ciki na mutane ne. Karɓi wayar wani ɗan kasuwar Katako ka duba yadda ya ajiye sunaye: "Direban Tahoua", "Hajiya mai atamfa", "Likitan Inna", "Mai bina bashi", "Amarya". Kowanensu ya ba da lambarsa ne don wata buƙata sananniya, kuma sunan kaɗai yana tona ciwon wani, bashin wani, auren da ba a riga an sanar ba. Matar auren da ta ba mai kawo mata ruwa lambarta, ba ta ba kamfaninku ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Waiwaye kawai ya isa alamar cewa ba ya son wani ya ji, balle lambar da ake samunsa da ita dare da rana. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda aka ba ajiya, in ya miƙa ta ga wani bare ba tare da uzuri ba har ta salwanta, shi zai biya. Saboda haka yardar mai waya iyakarta haƙƙinsa, ba ta kai ga haƙƙin waɗanda ba a tambaya ba.

Ita kanta yardar akwai magana a kanta. Da yawa daga cikin iyayenmu mata masu adashe ba sa karanta Faransanci, suna danna abin da yaro ya nuna musu ne. Kun ce musu don shigar da masu zubi ne, alhali kun ƙudura talla a zuci. Wannan algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Tara bayanan mutane ba da saninsu ba kuma ina jin tsoron ya faɗa cikin bin diddigin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana.

Babu ma wata larura da ta tilasta muku. A Android akwai hanyar da mai waya zai zaɓi mutum guda ya miƙa wa manhaja ba tare da an buɗe mata sauran ba, iPhone ma tun 2024 tana barin mutum ya ware waɗanda ya ga dama. Ku bi wannan. A Android, izinin karanta lambobi daban yake da na gyara su ko gogewa. Kada ku nemi na biyun in ba ku da aiki da shi, kada kuma manhaja ta sauya sunan kowa sai mai waya ya gani da idonsa. Saƙon gayyata ba laifi, in shi ya zaɓi wanda za a aika wa kuma da sunansa saƙon ya tafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da wani zai kasa zubi. In lambobin danginsa suna hannunku, Shaiɗan zai raya muku ku kira surukinsa ko limamin unguwarsu don ku kunyata shi. Haka wasu manhajojin ba da bashi suka riƙa yi a ƙasashe da dama, har Google ta hana irinsu taɓa lambobin waya a 2023. Mutuncin Musulmi haramun ne kamar jininsa da dukiyarsa, ko da ana binsa bashi.

Nijar kuma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Bin irin wannan doka wajibi ne, don maslahar jama'a aka yi ta.

In kun riga kun kwashi wasu lambobi, ku goge su daga inda kuka ajiye, ku nemi gafarar Allah, kuɗin da aka samu ta sayar da su kuma a ba mabuƙata. In abokinka ya ƙi, kada ka sa hannunka a wannan ɓangaren aikin. Wallahu a'alam.