Me ya sa faifan ɗaga nauyi suke kala-kala?

Tambaya: Malam, a gasar Olamfik na ga faifan da ake jerawa a sandar ɗaga nauyi wasu ja, wasu shuɗi. Mu a unguwarmu siminti muke zubawa a gwangwani mu ɗaga. Ado ne ko da dalili? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ɗana, ba ado ba ne. Hukumar IWF mai kula da wasan a duniya ce ta tsara haka. Ja kilo 25 ne, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10, fari kuma 5. Manyan faifan nan, daga ja zuwa kore, faɗinsu ɗaya ne, santimita 45, don haka daga nesa launi ne ke gaya wa alƙali da ɗan kallo abin da aka ɗora. Ita kanta sandar maza kilo 20 ce, alamarta shuɗiya. Ta mata 15, rawaya.

Amma a gidan motsa jiki ka duba lambar da ke jikin faifan. Ni na taɓa ɗaukar wani baƙin faifai mai "45", na ɗauka kilo ne, har ina ƙirari. Ashe fam ne, ma'aunin nauyi irin na Amurka, kilo 20 da 'yan kai.