Wa zai biya kuɗin gyaran titi in an daina shan fetur?

Malam ka tambaya in kowa ya koma motar lantarki ina za a samo kuɗin gyaran titi tunda harajin fetur ne ke ɗauke da shi. Ai matsalar ta girmi motocin nan. A Amurka harajin tarayya senti 18.4 ne kan galan, tun 1993 ba a taɓa shi ba, ga motoci sun rage shan mai, kaga dama can kuɗin baya isa.

Jihohi da yawa can sun ɗora wa masu motar lantarki kuɗin rajista duk shekara, ni kam ban ga adalci ba, wanda motarsa ke kwana a gareji da ɗan tasi da ke kan titi dare da rana ace kuɗinsu ɗaya? Gara biya gwargwadon tafiya, jihar Oregon ta Amurka ta fara a 2015 ga wanda ya ga dama, New Zealand kuma ta saka motocin lantarki cikin irin wannan tsari a 2024, inda mitar kilomita kawai ake dubawa. Amma fa a haɗa da nauyi, don tirela ɗaya maƙare da kaya tana cin kwalta fiye da dubban ƙananan motoci.