Geron da Ya Cinye Min Babur

Kai yaro, jiya muna jan ƙofar shago ka jefo min tambaya na ce maka sai da safe. Ka ɗauka gajiya ce, alhali tsohon miki ka fama. Ka ce ɗalibar nan ta Samaru da ta kawo tsohuwar kwamfutarta HP gyara ta ji ana cewa Windows 10 ya mutu, to ka yi mata dabara ka cusa Windows 11 da Office na kirak, wato na sata da aka fasa wa makullin lasisi, ko kuwa ka sa mata Linux, kishiyar Windows ɗin nan ta kyauta, da ka ga wani yana kurantawa a TikTok? Ka haɗa da tambayar yadda ake shirya filashin loda wa kwamfuta Windows ko Linux. Wannan ta ƙarshen kam ba zan amsa ba. Wata bakwai kana shagon nan, in har yau ba ka iya ba, koma gida ka taya babanka awon masara.

Windows 10 bai mutu ba. Microsoft ce ta janye hannunta daga gyaran tsaron da take tura wa kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025. Gida ne maigadi ya ajiye sanda ya tafi: ɗakuna suna nan, katifa tana nan, ƙofa ce ba mai tsaro. Haka aka yi wa XP a 2014, aka yi wa 7 a Janairun 2020, kuma ka leƙa shagunan buga takardu na Kongo yau, za ka tarar da 7 yana aiki abinsa, ko a jikinsa. Shi kuwa 11 ɗan gata ne, sai da ɗan sashen tsaron nan da ake kira TPM 2.0, sai furosesa, in ta Intel ce, daga ƙarni na takwas zuwa sama. Ta yarinyar nan ƙarni na huɗu ce, irin gwanjon da Turawa suka gama mora. Za ka iya tsallake shingen, kowa ya iya, amma doki ne aka ɗaura wa kayan raƙumi.

Maganar kirak ce ta hana ni barci.

Ƙarshen watan Agustan 2019, ana tsakiyar ruwa, wani Alhaji mai shagon ɗab'i ya aiko a kira ni. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Wata biyu kafin nan ni na gyara masa kwamfutoci uku, na yi musu fomat, na zuba Windows da Office da manhajar zane ta CorelDraw, dukkansu na sata, daga faifan da na daɗe ina aiki da shi. Na ma ba shi shawara a lokacin ya sayi lasisin gaske ko da na guda ɗaya ne, tunda da su yake cin abinci. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, abin da ake samu a banza ne zan sa kuɗi in saya?" Muka yi dariya, na manna sitikata mai lambar waya a gefen kowace, muka yi ciniki naira dubu 15, ya ce in dawo ranar Juma'a. Juma'a takwas na yi ina dawowa.

Ranar da aka kira ni na ɗauka kuɗina ne suka fito, har da sa sabuwar hula. Ina shiga na tarar da shago tsit kamar gidan makoki. Yarinyar da ke taifin tana kuka, ga ɗalibai uku a kan benci sun zuba tagumi, ga wani mutum riƙe da samfurin katin ɗaurin auren 'yarsa da za a yi ranar Asabar. Na zauna gaban babbar kwamfutar na buɗe folda. Kowane fayil, daga katin biki zuwa kundin digirin mutane zuwa hoton fasfo, an liƙa masa wata kalma a wutsiya. Ka san mece ce? .gero. Wallahi, gero, kamar wanda ake fura da shi, ga shi kuma lokacin manoma sun fara yankan nasu. Na ɗauka wani ɗan iskan Bahaushe ne ke mana ba'a. Daga baya na gane cutar kwamfutar nan ce da ake kira STOP ko Djvu, kowane sabon samfurinta da haruffan da take liƙawa, mu namu rabon ya faɗo kan gero.

A kowace folda an ajiye 'yar takarda, _readme.txt, cikin ladabi kamar wasiƙar neman aure. Kada ka damu, fayilolinka suna nan lafiya, mun kulle su ne. Ka biya dala 980, in ka yi magana cikin awa 72 an rage maka rabi, 490. Har da tayin su buɗe maka fayil ɗaya kyauta, ɗanɗano, kamar mai tsire. Lokacin dala tana wajen naira 360, ka lissafa: ya haura dubu 350, ragin ma dubu 176 da 'yan kai. Ɓarawo da rangwame! Ko a kasuwar Sabon Gari ban taɓa ganin irin wannan ciniki ba.

To a nan ne na tafka wautar da har gobe ba na yafe wa kaina. Alhaji yana ta huci a kaina, mai katin biki yana salati, ni kuma ina so in nuna ni gwani ne. Na zura hannu a jaka na ciro had-dis ɗina na waje, baƙi, tera ɗaya, wanda na naɗe da salatif saboda murfinsa ya tsage, na soka a jikin kwamfutar tana kunne, wai zan ɗauko antibayiros. Shekara goma nake tara abin da ke cikinsa. Direbobin firintocin da kamfanoninsu ma sun manta da su, lissafin bashin kwastomomi, hotunan sunan 'yata ta fari, da wani bidiyo na mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune a zaure a cikin birni yana ba da labarin yadda aka kafa jami'a a Samaru a 1962. Na tashi in amsa waya a waje saboda ƙarar janareto. Ina dawowa na ga fitilar had-dis ɗin tana ƙyafta ido ba ƙaƙƙautawa, ni kuwa ban sa shi aikin komai ba. Na fizge waya, amma ihu ne bayan hari. Baba ya zama gero.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? A aljihun gaban rigata akwai filashi mai Ubuntu, wani samfurin Linux. Da na kashe na'urar na tashe ta da shi, cutar ba ta da ƙafar takawa, don ba ta jin yaren Linux. Na sani sarai, na ma koya wa wasu. Gaggawa da son a ce Injiniya ya iso ne suka rufe min ido.

Kwana biyu ina bincike na gano bakin zaren. Ɗan ƙanen Alhaji ne, wani mai askin banza irin naka, ya ga CorelDraw ɗin da na sa ya tsufa, ya shiga intanet ya sauko da sabo tare da ɗan abin nan mai haifar da lambar lasisi. Takardar da ta zo da shi ta ce a kashe antibayiros tukuna, ya kashe. Wato ɓarawo ya ce ka ɗaure karenka zan kawo maka tsaraba, ka ɗaure. Abin da ya sauke yana nan a folda, da kwanan wata da komai.

Na kai hujjata gaban dattawan layin da aka tara don sulhu. Alhaji ya ce shi bai san wannan Turancin ba, sitikar wa ke jikin na'ura? Na yi bayani har bakina ya bushe. Babban cikinsu, tsoho mai kirki wanda ko rediyonsa jika ke kama masa tasha, ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, tambaya ɗaya. Ka ce na sata ne ya kawo cutar. Wanda kai ka sa masa, na saye ne?" Na buɗe baki na rufe. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa satata tsohuwa ce mai lafiya, ta yaron ce sabuwa mai cuta? Aka bar jaki aka daki taiki. Alhaji ya nemi dubu 350, aka yi ta ja har aka tsaya a 120. Na sayar da babur ɗina dubu 95, uwargida ta cika min da kuɗin adashinta, kuma har yau in muka yi saɓani sai ta tambaye ni lafiyar gero. Wata huɗu ina hawa bas daga Tudun Wada zuwa shago da jakar kayan aiki a cinya. Dubu 15 ɗina kuwa ko zancenta ba a tayar ba.

Bai biya ɓarayin ko sisi ba, ya sa kuɗina a aljihu, ɗaliban nan suka sake buga kundinsu daga takardar hannu. A watan Oktoban shekarar wani kamfanin tsaro, Emsisoft, ya fitar da mabuɗi kyauta. Na sauke hannuna yana rawa. Ya buɗe wa masu tsofaffin samfura, namu ya ce a yi haƙuri. Had-dis ɗin yana cikin durowar ƙasa, wanda na hana ka taɓawa. Bara na gamu da Alhajin a wani ɗaurin aure a Gyallesu, ya riƙe hannuna da fara'a ya ce, "Injiniya, kwana biyu! Ɗaya daga cikin na'urorin nan tana ɗan ba mu matsala." Albarkacin liman da ke kusa ya ci.

Yanzu Linux ɗinka na TikTok. Ku yaran yanzu duk abin da kuka gani jiya a waya sai ku ɗauka jiya aka haife shi. Tun 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi, kafin nan kuma Richard Stallman ya kafa GNU, aikin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa, a 1983. Ubuntu ya fito a 2004, kuɗin Mark Shuttleworth ne, mutumin Afirka ta Kudu. Wayar Android da kake dannawa har a sahun salla, zuciyar Linux ce a cikinta. Lasisinsu na GPL cewa yake yi ka kwafa, ka gyara, ka ba wa wanda ka so, ka ma sayar, sharaɗin kawai kar ka rufe wa na bayanka ƙofar da aka buɗe maka. Rijiyar sadaka ce a bakin hanya. Mai ita da bakinsa ya ce a sha, don haka ba wanda zai sa ka ɗaure kare.

Amma kar ka zama irin masu wa'azin Linux ɗin nan da ba su taɓa tsayawa gaban kwastoma mai fushi ba. CorelDraw ba ya hawa kansa, AutoCAD na masu zanen gini ma haka. Ka ce wa mai ɗab'i ya koma Inkscape, manhajar zane ta kyauta, zai dube ka kamar ka ce ya ci tuwo da cokali mai yatsu. LibreOffice, madadin Office na kyauta, yana taifin lafiya lau, sai dai wani lokaci in an buɗe takardar a Word tebur ya goce, shafi ya zame, malamin da ke duba kundi kuwa ba ruwansa da falsafar Stallman, ja zai zabga. Sai ka koya mata ta mayar da shi PDF kafin ta kai bugu. Na kuɗin ma ba waliyyi ba ne. Ran 19 ga Yulin 2024 gyara guda ɗaya na kamfanin tsaro CrowdStrike ya kwantar da kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Ranar na sha shayi da madara biyu, na ce ashe manya ma suna soka abu ba su duba ba.

Batun haƙƙin mallaka, kar ka ga ba a kama kowa a layinmu ka ɗauka babu doka. Akwai sabuwa ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, akwai hukumar da ke kula da ita, kuma manhaja tana ciki kamar yadda littafi da waƙa suke. Ka tambayi 'yan fim na Kano abin da masu turi a memori suka yi wa kasuwarsu. Na san kana wannan sana'ar da daddare, waƙa ɗari naira ɗari biyu, kar ka sunkuyar da kai. Abin dariyar shi ne a Disambar 2023 jaridar New York Times ta maka OpenAI da ita kanta Microsoft a kotu, tana zargin sun kwashe rubuce-rubucenta sun ciyar da na'urarsu mai hira ba izini. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Sai dai su suna da lauyoyi, kai ko babur ɗin sayarwa ba ka da shi.

Saboda haka in ta zo anjima, ka fara tambayarta abin da take karanta. In taifin ne da intanet da kallon lacca, kwashe mata fayilolinta gefe tukuna, ka sa samfurin Linux Mint, ga Firefox na shiga intanet ga LibreOffice, ka ƙara VLC na kallon bidiyo, ka zaunar da ita minti ashirin ka nuna mata inda komai yake, kuma da ladabi, ban da wannan murmushin naka. In zanen gine-gine take yi, bar mata 10 ɗinta yadda yake, ka gaya mata gaskiyar maganar maigadi, ta nemi lasisin ɗalibai da Autodesk, masu AutoCAD, ke bayarwa kyauta, ta fara tarin kuɗin wata na'urar. In ta nace sai kirak, ga shaguna nan reras har bakin titi, amma sitikata ba za ta hau ba.

Sannan wannan jan filashin da na ga kana sokawa a kwamfutar teburina shekaranjiya lokacin da na tafi masallaci, ka ɗauka ban gani ba. Ciro shi daga aljihu ka ajiye a nan, ka je ka ɗebo ruwa ka yayyafa wa ƙofar shago.