Tambaya da Amsa: In cire murfin zarton yankan kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Zariya. Na sayi zarton lantarki mai yankan kwana, na hannu, mai faifai inci 10. Murfin faifan yana maƙalewa, sai manyanmu na layi suka ce in cire shi ko in ɗaure shi da waya, wai yana hana ganin layin fensir kuma gwani ba ya buƙatarsa. Shekaranjiya yarona yana yanka, guntun katako ya yi tsalle ya fasa masa goshi. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya kiyaye gaba.

Guntun da ya same shi, galibi abu biyu ke jawo shi. Ko dai ya ɗaga kan injin faifai bai gama juyawa ba, haƙori ya ɗauki guntun ya wurgo, ko kuma katakon bai jingina sosai da bangon injin ba. In an gama yanka, a saki makunni, a bar kan a ƙasa har faifai ya tsaya cak, sannan a ɗaga. Ƙaramin katako kuwa ba a riƙe shi da yatsu, da kilam, wato ƙarfen matse katako, ake matse shi. Hannu ya yi nesa da faifai aƙalla inci 6, kuma kada a gitta hannu ta gabansa.

Maganar murfi kuwa, Malam, ita ce ke ƙona min rai, don kusan duk shagon da na shiga sai na tarar an naɗe shi da waya ko an jefar da shi ƙarƙashin benci. Faifan irin naka yana juyawa wajen sau 4,000 zuwa 5,000 a minti ɗaya. In mai haƙora 60 ne, haƙora aƙalla 4,000 ke wucewa a daƙiƙa guda. Kafin mutum ya ji zafi ya janye hannu, ɗaruruwa sun riga sun ratsa nama da ƙashi. Wace gwaninta ce za ta riga wannan? Kuma murfin ba lokacin yanka ya fi amfani ba. Amfaninsa lokacin da kan injin ke sama, faifai na ƙarasa juyawa, kai kuma ka miƙa hannu za ka ɗauke katako kana amsa gaisuwar mai wucewa. A nan ne yatsu kan tafi, har da na tsofaffin hannu, waɗanda sabo ya cire musu tsoro.

Wasu har makunnin suke ɗaurewa da roba don kada yatsa ya gaji. A ɗauke wuta, a manta, a dawo da ita, inji ya tashi da kansa hannun yaro na kai. Wani kuma ya ce ya sha maganin ƙarfe. Wanda ya sayar masa da maganin, a ce ya fara sa nasa yatsan. Masu yaudarar matasa da wannan su ji tsoron Allah, yaran da iyaye suka kawo koyon sana'a amana ne a hannunmu.

Murfin naka gyara yake so. Zare filogi, ka share garin katako da danƙon da suka toshe mahaɗarsa, ka duba sifirin. In ya karye ko murfin ya tsage, a sauya, kuma kada a kunna injin sai yana rufewa da kansa. Batun ganin layi, sauke faifan kan layin fensir inji na kashe, ka daidaita, sannan ka kunna. Yaron ya sa tabarau na aiki, ya naɗe hannun riga, ban da safar hannu, don haƙori na iya kama ta ya ja hannun ciki.

In tsautsayi ya faɗa yatsa ya cire, kada a zuba baƙin mai ko toka. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan a naɗe shi da bandeji mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ƙanƙara ta taɓa naman. A garzaya babban asibiti, kamar na koyarwa da ke Shika kusa da ku.