Ɗiyata, ga amsar tambayarki kan abincin Yahudawa

Assalamu alaikum ɗiyata. Ya gida, ya jikin Hajiya? Barka da arziki da samun gurbin karatu a Amurka, Allah ya sa a fara a sa'a. Kin ce garin da jami'ar take ƙarami ne, babu shagon naman halal sai an yi doguwar tafiya a mota, kuma wata ƙawarki ta ce ki riƙa sayen abincin Yahudawa da ake kira kosha, wai duk ɗaya ne. Kina son sanin ko haka ne, kuma tunda noma da muhalli za ki karanta, kina tambaya ko da gaske ne sun fi kowa kula da abin da suke ci.

Yawancin shekarun da na yi a Niyok, a gidajen tsofaffin Yahudawa na yi su a Buruklin, ina jinyarsu ina yi musu girki. A kicin na koyi abin da zan faɗa miki. Maganar Falasɗinu kuwa kin san inda zuciyata take, amma yau ba ita kika tambaya ba.

Ƙawarki ta yi rabin gaskiya. Dabbar da suke ci sai mai rababben kofato wadda kuma take tuƙa, kamar saniya da tunkiya da akuya. Alade haram ne a wurinsu kamar mu, amma sun ƙara da raƙumi da zomo. Kifi sai mai ɓawo a jiki irin karfasa, saboda haka tarwadar da kike so ba ta shiga tukunyarsu. Mai yanka, wanda suke kira shohet, sai ya yi karatu malamai sun ba shi izini. Wuƙarsa doguwa ce marar tsini, yana bin kaifinta da farce, in ya ji ɗan giɓi ba zai yanka da ita ba. Bayan yanka a duba huhu, a jiƙa naman rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri na awa ɗaya don jini ya fita, sannan a wanke. Shi ya sa in kin sayi kazarsu ki rage gishiri da magi, in ba haka ba miya ta ɓaci.

Malamai da yawa sun halatta naman, suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi. Wasu suna ja da baya, domin shohet yana ambaton Allah sau ɗaya ne a farkon aiki, ba a kan kowace dabba ba. Ni ina ci in halal ya yi nisa, amma ni ba malama ba ce. Ki tambayi malaminki tun kafin ki taso.

Inda ƙawarki ta kuskure shi ne giya. Ruwan inabi mai sa maye halal ne a wurinsu, da shi ma suke buɗe addu'ar daren Asabar. Cakulan ko kek ko miyar kwalba na iya ɗauke da tambarin kosha alhali da barasa a ciki, don haka sai kin karanta jerin kayan haɗin. Tambarin da za ki fi gani harafin U ne a cikin da'ira, na ƙungiyar Orthodox Union. In akwai D a gefe, da madara a ciki. In an rubuta Pareve, babu nama babu madara. Harafin K shi kaɗai kowane kamfani yana iya bugawa, ban cika dogara da shi ba.

A dokarsu ba a haɗa nama da madara, a girki ko a ci, kuma wannan rabawar ita ta fara kunyata ni. Tukwane kashi biyu, cokula kashi biyu, wasu gidajen har wurin wanke-wanke biyu. A makona na farko na ɗauki cokalin madara na juya romon kaza mai tafasa. Tsohuwar da nake kula da ita ta hango ni daga kujera. Na ba da haƙuri, na ce zan jefar da cokalin in sayo wani da kuɗina. Sai a nan ranta ya ɓaci. Ta ce a ajiye shi ya kwana ya wuni, a tsoma shi a tafasasshen ruwa, shi ke nan ya koma aiki, ta kuma buga wa malaminsu waya kan hukuncin romon. Ta ce jefar da abu mai amfani laifi ne da ke da suna, bal tashhit, wato kada ka lalata.

Asalin dokar a Attaura yake, inda aka hana mayaƙan da suka yi wa gari ƙawanya sare itatuwa masu 'ya'ya. Malamansu suka ce in a fagen yaƙi ma an hana, ina ga lokacin zaman lafiya? Musa bin Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya faɗaɗa ta har ta haɗa da fasa ƙwarya, yaga tufa, rushe gini, toshe idon ruwa da zubar da abinci. Akwai wata dokar kan wahalar da dabba: ba a ɗaure wa sa baki yana sussuka, ba a haɗa sa da jaki a garma ɗaya, ba a yanka uwa da ɗanta rana ɗaya, kuma mutum ya ba dabbobinsa abinci kafin ya zauna cin nasa. Da ta gaya mini wannan sai kakanku ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya shan koko sai ya leƙa turke.

Kada ki ɗauka kowane gida haka yake bi. A lokacin idinsu na Fesak, da ba a amfani da kwanukan yau da kullum, na sha fitar da buhunan shara cike da farantan roba da na gwangwanin alminiyam da aka ci sau ɗaya aka yar. A Isra'ila gwamnati ta sa wa irin waɗannan farantai haraji a 2021, wata gwamnatin ta soke shi a 2023 saboda matsin jam'iyyun masu tsaurin addini, waɗanda iyalansu masu yawa ne kuma suka fi amfani da su. Doka na cikin littafi, kwandon shara kuma na bakin ƙofa.

Abin da ya fi girgiza su a Amurka ya faru a Postville, wani ƙaramin gari a jihar Ayowa, inda a wancan lokacin kamfanin Agriprocessors yake da mayankar kosha mafi girma a ƙasar. A 2004 masu kare haƙƙin dabbobi suka fitar da bidiyon da aka ɗauka a ɓoye, ana ganin shanu suna ta shure-shure suna ƙoƙarin tashi bayan yanka. A watan Mayu na 2008 jami'an shige da fice suka kai samame suka kama ma'aikata 389, yawancinsu 'yan Gwatamala da Meziko, labarin ƙarancin albashi da muguwar wahalar aiki ya fito fili. Duk wannan lokaci naman yana fita da tambarin kosha. Sai Yahudawa suka rabu. Wasu malamai, ƙarƙashin jagorancin Morris Allen, suka kawo wani tambari na biyu mai suna Magen Tzedek, wanda zai shaida cewa an biya ma'aikaci haƙƙinsa, ba a azabtar da dabba ba, ba a gurɓata ruwa ba. Masu riƙo da tsohuwar hanya suka ce a'a, kosha hukuncin yanka ne da abin da ke cikin tukunya, albashi kuma aikin hukuma ne, kada a cakuɗa. Tambarin bai samu karɓuwa a kasuwa ba, amma gardamar tana nan. Tun shekarun 1970 wani malami, Zalman Schachter-Shalomi, yake tambayar ko abin da ya halatta amma ya cutar da ƙasa ya cancanci a kira shi kosha. Jikar tsohuwar nan tawa ta daina cin nama gaba ɗaya, ita da kakarta ba sa gama cin abincin Asabar ba su taɓa wannan musu ba.

Ni dai ina bayan jikar a rabin maganarta, ko da yake ban bar nama ba. Mu ma an ce mana halalan ɗayyiban, kalma biyu ne, amma ta farko muke riƙewa. Kin ga yadda ake cusa shanu a tirela daga Arewa zuwa Legas, kwana da kwanaki a tsaye, kuma ba wanda ya taɓa tambayar mahauci wannan. A nan ma tambarin halal a jikin kaza ba ya gaya miki yadda ta rayu a keji, ko nawa aka biya wanda ya fige ta.

Ɓangaren da zai yi miki amfani a aji shi ne hutun gona, shemita. Kowace shekara ta bakwai ba shuka, abin da ya tsiro da kansa na kowa ne, har dabbobin daji. A ƙasar Isra'ila kaɗai hukuncin yake aiki. Ta ƙarshe ta kama daga Satumban 2021 zuwa Satumban 2022, mai zuwa za ta fara a 2028. Da yake noman kasuwa ba ya jure wa shekara guda ba girbi, tun ƙarshen ƙarni na 19 wasu malamai suka ba da dabarar sayar da gonar ga wanda ba Bayahude ba na wannan shekarar, wasu kuma har yau suna ganin wayo ne kawai. Akwai kuma dokar barin kusurwar gona da zangarniyar da ta faɗi don talaka da baƙo. Wannan kalan da ake yi a gonakinmu bayan girbi ne sak, sai dai a wurinsu wajibi ne a kan mai gona. In malaminku ya zo kan barin gona saura, kina da abin faɗa daga ɓangare biyu. Akwai gonar koyarwa ta ƙungiyar Adamah a jihar Konetikat da matasansu ke zuwa koyon noma ba tare da takin zamani ba.

In kin isa, ki nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi tukuna, sannan ki leƙa ofishin ɗaliban Yahudawa da ake kira Hillel ki tambayi inda suke samun nama. Ki sani yana da tsada, aljihun ɗaliba ba zai ɗauka kullum ba, wake da ƙwai da kifin gwangwani su za su riƙe ki. Ki taho da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ki bayyana su duka a filin jirgi in an tambaya. Kilishi da dambun nama ki bar wa ƙannenki, kwastan na Amurka ƙwacewa suke yi. Ki turo mini ranar tashinki da lambar jirgin. Ki gaida Hajiya da babanki.

Gwaggonki